Diskin kwamfutata ya fara ƙas-ƙas, kuma muryar mahaifina tana ciki

Mai Hoto Tawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san aikin kwamfuta ya taimaka mini, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Tawa, shekara tara ina wannan sana'a: biki, suna, saukar karatu, har hoton katin ɗan ƙasa. Duk aikina yana cikin kwamfutar tebur guda ɗaya da na saya ta hannu a 2017. Diskinta na terabait 1 ne, babban nan mai inci 3.5, an raba shi gida biyu: C inda Windows take, D inda nake zuba aiki.

Tun shigowar zafin Afrilu ta fara nauyi. Sai in buɗe dosiye ta tsaya cik kamar minti biyu, wani hoton kuma ya buɗe rabi, rabin ƙasa toka-toka. Na ɗauka ƙwayar cuta ce ta shige ta. Ran Laraba da la'asar ina cikin kwafe bidiyon wani biki aka ɗauke kuran. Da wuta ta dawo na kunna, ta yi kusan rabin awa kafin ta tashi, kuma da na danna D sai ta ce wai sai na yi fomatin ɗinsa kafin in yi amfani da shi. Ban yarda ba, na danna a'a. Amma in na kasa kunne jikin akwatin ina jin diskin yana juyawa, can sai ya yi ƙas, ƙas, sau biyu ko uku, ya yi shiru, ya ci gaba. Daga Laraba zuwa yau na kunna ta ya kai sau goma ina fatan ko za ta dawo hayyacinta.

Akwai bikin mutum uku a ciki da ban ba su ba, na kuma karɓi kuɗinsu. Wannan ko da bashi zan mayar musu, in ba su haƙuri, duk da biki ba ya maimaituwa. Abin da ke cin raina daban ne. A 2019 na zaunar da mahaifina a zaure na ɗauki muryarsa sama da awa biyu. Ya faɗi asalinmu cikin Adar, sunayen kakanninmu, yadda suka yi da yunwar 1984, da tafiyarsa cirani Abijan yana saurayi. Allah ya yi masa rasuwa a 2021. Wannan muryar tana cikin D, kuma ban san wani wuri da na ajiye ta ba.

Me zan yi? Akwai wani yaro a kasuwa da ya ce in kawo ya buɗe ya goge mini cikinsa.

Ɗan Ƙonni

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka. Ka cire diskin ka ɗaure shi cikin leda ka sa a firji ya kwana, da safe ka mayar, an ce yana tashi. In ya tashi ka yi masa chkdsk, umarnin nan na Windows mai duba diski, ya gyara kansa, sa'an nan ka sauko da manhajar Recuva ka kwaso kayanka. Ni da Recuva na dawo da hotunan da ɗiyata ta goge mini a kile na USB, ko ɗaya bai ɓata ba.

Mai Gyara Yamai

Malam mai hoto, kafin ka gama karanta abin da zan rubuta, tashi ka zare wayar kwamfutar nan daga bango. Kada ka sake kunna ta, ko don ka duba. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki a Yamai, kuma yawancin diskin da ya gagare ni, kunnawa da gwaje-gwajen da aka yi bayan ciwon ya bayyana ne suka ƙarasa shi.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin akwatin ƙarfen nan don ka gane dalili. Faranti ne masu santsi kamar madubi, suna juyawa sau 7200 a minti ɗaya, wasu 5400. Akwai ɗan hannu mai ɗauke da allura da ke karatu da rubutu a kansu. Allurar ba ta taɓa farantin, iskar juyawar ce ke ɗauke da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. In wani wuri a farantin ya lalace, allura takan zo ta kasa karantawa, ta koma mafari, ta sake dawowa. Ƙas ɗin da kake ji ke nan. In kuwa ta riga ta fara gogar farantin, kowane juyi yana kankare garin da bayananka ke kwance a kai, garin kuma ya bi iska ya je ya ɓata wani wurin. Abin da aka kankare ya tafi, babu injin da zai dawo da shi a duniya. Ga shi Windows ɗinka a kan diskin take, duk tashin da za ta yi sai ta karanta dubban fayil ta kuma rubuta wasu. Sau goman nan da ka kunna, ɗan ƙarfin da ya rage masa ne ka kashe a kan tayar da Windows.

Ɗan'uwana na Ƙonni, na san da zuciya ɗaya ka yi magana, amma ka yi mini haƙuri, ukun nan duk ba na wannan ciwon ba ne. Firji dabara ce ta tsofaffin diski na da can. Ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin zafin Tawa, nan take zai yi raɓa, kuma diskin yana da ɗan ramin shaƙar iska, damshin har ciki yake shiga. Shi chkdsk rubutu yake yi a kan diskin: in ya ga fayil ɗin da bai gane kansa ba sai ya yanke shi, ya gyara lissafi, ya ce maka komai lafiya. Tsarin ya gyaru, kayanka sun tafi. Recuva kuwa aikinta mai kyau ne a wurin da ka yi amfani da ita, wato lafiyayyen kile da aka goge abu bisa kuskure. A kan diski mai ciwo za ta tsaya kan wurin da ya lalace ta yi ta nanatawa har ya mutu a hannunta.

Yaron kasuwa kuma, kada ka ba shi. Ba a buɗe murfin diski sai a ɗaki na musamman da ake tace iskarsa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allura da faranti girma nesa ba kusa ba, balle ƙurar kasuwa.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa a labarinka shi ne diskin yana juyawa, kwamfuta tana ganinsa, ƙarar kuma jefi-jefi ce. Wannan ya fi kama da wuraren da suka lalace a faranti, da alama allurar tana da sauran rai. Maganar fomatin da Windows ta yi ma kada ta tsorata ka. Ɗan wurin da ke farkon D, inda aka rubuta bayanin yadda aka jera kayan, shi ne ta kasa karantawa. Kayan suna nan. Ka yi daidai da ka ce a'a.

Hanyar ita ce a kwafe diskin gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, zuwa wani sabo, sa'an nan a ajiye mara lafiyan a yi duk wani bincike a kan kwafin. Ba irin kwafin da ka saba ba na jawo dosiye ka saki, wannan da ya ci karo da wuri ɗaya mara kyau zai tsaya. Akwai manhaja ta kyauta mai suna GNU ddrescue, a kan Linux take aiki, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows. Hikimarta irin ta mai girbi ce da ya ga hadari ya taso: ta fara kwashe inda ke da sauƙi da sauri, duk inda ta ji tauri ta tsallake ta sa alama, sai ta gama da mai kyau duka ta dawo tana tsintar na wuya kaɗan-kaɗan. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai a wani ɗan fayil, ko an ɗauke wuta daga nan za ta ci gaba. Ga mu da muke zaune da ɗaukewar kuran, wannan taswirar ita ce rabin aikin.

Ka tanadi sabon diski na terabait 2, don kwafin shi kaɗai zai cinye terabait 1, kana kuma buƙatar wurin zuba abin da aka ciro.

Malama daga Yamai

Yayana, ka riƙe maganar mai gyara da hannu biyu. Ni abin ya faru da ni ina shekarar ƙarshe a jami'a. Kundin kammala karatuna, aikin wata takwas, da muryoyin matan da na yi hira da su a ƙauyuka, duk suna cikin ƙaramar kwamfutata da ta faɗo daga kan tebur tana kunne. Na kai wa wani mai gyara, a gabana ya sa abin kwance noti ya buɗe diskin, ya hura masa iska da baki, ya taɓa farantin da yatsa. Ban san komai ba a lokacin, har godiya na yi masa. Da na kai wurin wanda ya sani daga baya, ya nuna mini wani zobe da allura ta zana a kan farantin, ya ce in yi haƙuri. Rubutun na sake shi daga takardun da na buga wa malamina. Muryoyin kuwa shi ke nan, biyu daga cikin tsofaffin nan ma sun rasu.

Amma ga abin da nake so ka yi tun yau, diskin yana ajiye. Ina katunan kyamararka? Ko ka goge su, in ba ka ɗauki sabon aiki da yawa a kai ba, hotunan bikin suna nan kwance, manhajar PhotoRec mai ciro fayil ɗin da aka goge tana fito da su. Ka daina ɗaukar komai da su. Sa'an nan ka zauna ka tuna ko ka taɓa tura wa wani muryar baba. Ɗan'uwa a Abijan, ƙanwa a gidan miji, ko guntu ne ta WhatsApp. Da na'urar da ka ɗauki muryar da ita tun farko, tana ina? Mutum in hankalinsa ya tashi yakan manta da ƙofofin da ke buɗe.

Mai Hoto Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zare wayar tun jiya da na karanta, na cire diskin na naɗe shi na sa cikin akwatin tufafi.

Malama, Allah ya yi miki albarka. Katuna huɗu gare ni, biyu ban taɓa su ba tun bikin ƙarshe. Wani ƙanen abokina da ke karatun kwamfuta a jami'ar nan Tawa ya zo da kwamfutarsa ya sa PhotoRec, biki biyu sun fito kusan duka, sai dai sunayen fayil ɗin sun koma lambobi, sai na sake jera su da hannu. Na ukun na riga na ɗauki wani suna a kan katinsa. Muryar baba kuwa, na kira yayana a Abijan, minti shida kawai na taɓa tura masa, wurin da baba ke yi mana addu'a. Na'urar da na ɗauka da ita aro ce, na mayar tun 2019.

Malam mai gyara, ƙanen abokin nan nawa ya ce ya iya Linux amma bai taɓa yin ddrescue ba. In bar shi ya gwada, ko in hau bas in kawo maka Yamai? Ba na jin nisan, tsoron girgizar hanya nake.

Mai Gyara Yamai

Girgizar hanya ba ta cika cutar da diskin da ke kashe ba, don allurar tana komawa ma'ajiyarta. In za ka zo, ka naɗe shi da soso ko tufafi masu kauri, ka riƙe shi a jakar da ke cinyarka, kada ya shiga cikin kaya. Amma fiye da kilomita 500 ne, kuma abin da zan yi a nan shi ne abin da yaron zai yi a can. In yana da natsuwa, ku yi a Tawa, ni kuma ina nan ina duba saƙo safe da dare.

Ga yadda za ku yi. Ya sa SystemRescue a kile, wani Linux ne na ceton kwamfuta, ddrescue da TestDisk, manhajar da ke gano ɓangaren diski da ya ɓace, duk suna ciki. Ku tayar da kwamfutarka ta tebur daga kilen, kada ku bari ta tashi daga diskin, ku shiga BIOS, allon saitin da ke zaɓar inda kwamfuta za ta tashi, ku tabbatar da haka tun kafin ku haɗa shi. Mara lafiyan ku haɗa shi kai tsaye da wayar SATA, wato wayar diskin ta cikin akwatin kwamfutar. Ƙananan mahaɗan nan na USB sukan rikice in diski ya yi jinkirin amsawa, kuma mai inci 3.5 yana son wuta ta bolt 12 da USB kaɗai ba ta bayarwa. Ku bar murfin akwatin a buɗe, ku sa fanka tana hura shi. Yawancin diski an yi su ne su yi aiki ƙasa da digiri 55 zuwa 60, kuma a ɗakin da ya riga ya haura 40 ba wuya ya kai can. In da hali ku fara da dare. Ku nemi ondila, na'urar nan mai riƙe wuta in an ɗauke kuran, ko ku yi a gidan da ke da sola da batir, don yankewar wuta farat ɗaya tana wahalar da allura, ko da taswirar za ta tsare muku aikin.

Wurin da nake so yaron ya buɗe ido shi ne sunayen diski. Ya rubuta umarnin lsblk, mai jero diskin da sunaye irin su sda da sdb, ya duba wanne ne mai terabait 1, wanne ne mai 2. Ya duba sau uku. Wanda ya juya su ya rubuta wofi a kan kayanka, kuma na ga wanda ya yi hakan. Kada ya buɗe komai na cikin tsohon, sabon kaɗai zai buɗe don rubutu. In tsohon shi ne sda, daga cikin sabon zai rubuta:

ddrescue -n /dev/sda kwafi.img taswira.map

Wannan -n ɗin yana hana ta tsayawa kankarar wuraren wuya a zagayen farko. Lafiyayyen terabait 1 yakan ɗauki awa biyu zuwa uku, naka zai iya cin kwana. In ta gama, sai zagaye na biyu:

ddrescue -d -r1 /dev/sda kwafi.img taswira.map

Sunan taswirar kada ya canza, da ita take sanin abin da ya rage. Ka zauna kusa ka kasa kunne. In ƙarar ta koma ƙas-ƙas ba tsayawa, ko ka ji kamar ana gogar ƙarfe, ko diskin ya ɓace daga lsblk ya ƙi dawowa, ku kashe nan take. Daga nan aiki ya fi ƙarfina ni ma, sai masu ɗakin tace iska da ke canza allura da ta wani diski irinsa sak, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Shawarar kashe wannan kuɗin taka ce kai da 'yan'uwanka, ni dai burina kada mu lalata abin da su za su iya cetowa.

In kwafin ya kammala, ku cire tsohon ku ajiye. TestDisk za ku buɗe a kan kwafi.img. Tsarin NTFS da Windows ke jera fayil da shi yana ajiye kwafin wancan bayanin na farko a ƙarshen D, sau da yawa daga nan TestDisk take gano komai, ta nuna maka dosiye da sunayensu yadda ka bar su. PhotoRec sai in wannan ya ƙi. Kuma muryar baba za ka fara cirowa kafin komai.

Ɗan Ƙonni

Malam mai gyara na gode da gyara, wallahi ban san firji yana ɓarna ba, ji na yi ana faɗa. Ɗan'uwa mai hoto ka yafe ni. Muna jiran labari, Allah ya sa a dace.

Mai Hoto Tawa

Alhamdu lillahi. Ku yi haƙuri da shirun kwana biyar, ban so in yi magana ba sai na ji da kunnena.

Mun yi a gidan wani maƙwabcina mai sola. Sabon diskin jaka arba'in da biyar na saye shi. Zagayen farko ya ci awa goma sha tara, ya tsaya ya yi ƙas-ƙas a wurare uku, kowane lokaci sai in ji gabana ya faɗi, amma ya wuce. Na biyun ya fi wuya, kwana biyu yana tsintar ɗan abin da ya rage, har a daren na biyu ƙarar ta fara yawa muka kashe kamar yadda ka ce. A lokacin allon yana nuna 99.99, abin da bai karantu ba megabait 38 ne. TestDisk ta nuna D da dosiyena duka da sunayensu. Bikin na uku ya fito, hoto goma sha ɗaya ne suka lalace da bidiyo ɗaya da ke tsallake a tsakiya. Na kai wa masu shi jiya.

Muryar baba ta fito, awa biyu da minti goma sha huɗu. Na saurare ta daga farko har ƙarshe ni kaɗai a shago da ƙofa a rufe. A minti na 47 akwai shiru na daƙiƙa goma sha ɗaya. Yana cikin lissafa 'ya'yan kakarsa mata, ya faɗi biyu, sai shiru, sai ya dawo yana cewa "ita ce aka kai Keita". Yaron ya ce wurin yana cikin megabait 38 ɗin nan, ddrescue ta bar shi wofi, shi ya sa ya zama shiru maimakon fayil ɗin ya ƙi buɗewa.

Yanzu muryar tana wuri huɗu: sabon diskin, kile biyu, ɗaya na ba ƙanwata ta ajiye a ɗakinta, kuma na tura wa yayana cikakkiyarta, ta kwana tana tafiya. Gwaggona, ƙanwar baba, tana nan da ranta a ƙauye, ta haura tamanin. Ran Juma'a bayan masallaci zan je in kunna mata wurin, in tambaye ta wace ce aka kai Keita, zan kuma tafi da na'urar ɗaukar murya.

Malam mai gyara, tsohon diskin yana nan a naɗe. In sake gwada masa zagaye ɗaya ko Allah zai sa daƙiƙa goma sha ɗayan nan su fito, ko in bar shi haka?

Mai Gyara Yamai

Bar shi tukuna, kuma kada ka goge taswira.map, ka kwafe ta tare da muryar. Je ka ga gwaggo. In ta tuna sunan, ka huta. In ba ta tuna ba, ka dawo nan mu gano daidai inda guntun yake a kan faranti, mu sa ddrescue ta nufi wurin kaɗai, ta karanto shi daga baya zuwa gaba da -R, a daren da ya yi sanyi. Wajen megabait biyu ne, ba sai mun sake wahalar da diskin duka ba. Ka gaishe mini da ita.